Man Gas Mai Araha Ko Ƙirji Mai Lafiya: Muhawara Kan Salfar Da Muke Shaƙa

A watan Yulin 2024 an yi wata taƙaddama a Najeriya da ta cika jaridu na 'yan makonni, sannan ta lafa ba tare da an warware ta ba. Shugaban hukumar NMDPRA na lokacin, Farouk Ahmed, wanda ke sa ido kan tacewa da rarraba mai, ya fito ya ce man gas ɗin da matatun cikin gida ke fitarwa, har da matatar Dangote, ya fi na waje yawan salfa, ya ambaci adadin da ya kama daga 650 zuwa 1,200. Bayan 'yan kwanaki Aliko Dangote ya karɓi 'yan Majalisar Wakilai da kakakinsu Tajudeen Abbas a matatarsa ta Lekki, aka auna mai a gabansu. Nasa ya nuna 87.6, wanda aka sayo a gidajen mai biyu kuma ya haura 1,800 da 2,600. Jama'a suka rabu, wasu na cewa ana yi wa ɗan ƙasa zagon ƙasa, wasu na cewa attajiri ne yake son ya kame kasuwa shi kaɗai. Kaɗan ne suka tsaya tambayar me waɗannan lambobi suke nufi ga yaron da makarantarsu ke bakin titin da tireloli ke bi.

Salfa, wato farar wutar nan da ake samu a wurin 'yan koli, tana cikin ɗanyen mai da kwal tun daga ƙarƙashin ƙasa. In aka ƙona su sai ta haɗu da oksijin ta zama salfa-dayoksaid, iskar da ido ba ya gani amma hanci ya san ta sarai, don ita ce yajin nan da ke dukan mutum a daidai lokacin da ya ƙyasta ashana. Ana auna yawanta a cikin mai da ppm, ma'ana kashi nawa ne cikin miliyan. Tarayyar Turai ta tsaya a kan 10 tun 2009. Najeriya kuwa a da ta daɗe tana yarda da man gas mai 3,000, wato ninki ɗari uku.

Masu cewa a tsaurara doka ko da farashi zai tashi suna fara hujjarsu ne daga asibiti. Iskar salfa tana narkewa a duk inda ta sami damshi, shi ya sa hanci da maƙogwaro da ido suke fara jin ta. Mai lafiya zai ji ƙaiƙayin maƙoshi, ya yi tari, ya wuce abinsa. Mai asma kuwa cikin minti goma hanyoyin numfashinsa na iya tsukewa, musamman in yana aikin ƙarfi yana jan iska ta baki, irin ɗan dako ko mai tura kura, domin bakin ba ya tace ta kamar yadda hanci ke yi. Amma ɓarnar da ta fi girma tana zuwa ne daga baya. Iskar in ta jima a sama tana rikiɗa ta zama ƙananan ƙwayoyin salfet, waɗanda ƙanƙantarsu ta sa suke wucewa har can ƙuryar huhu, kuma likitoci sun danganta irin waɗannan ƙwayoyi da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ban da cututtukan ƙirji. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2021 ta ce kada matsakaicin iskar salfa a yini guda ya wuce maikirogiram 40 a kowane kubik mita na iska.

Suna da tarihi a hannunsu. A watan Disamban 1952 sanyi ya sa mutanen Landan suka yi ta ƙona kwal mai salfa, iska ta tsaya cak, hayaƙi ya lulluɓe birnin na kwana biyar. Ƙidayar farko ta ce mutum 4,000 suka mutu, binciken baya ya kai adadin kusan 12,000, kuma wannan masifa ce ta haifar da dokar tsabtace iska ta Ingila a 1956. Misalin Hong Kong ya fi kusa da batunmu. A watan Yulin 1990 aka wajabta wa masana'antu da motoci amfani da mai wanda salfarsa ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Nan da nan iskar salfa ta faɗi a birnin, kuma binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2002 ya nuna mace-mace sun ragu a shekarun da suka biyo baya, musamman na cututtukan numfashi. Mai kawai aka canza, ba a rushe masana'anta ko ɗaya ba.

Sai kuma abin da ya fi yi musu ciwo, wanda ni ma yake yi mini. A watan Satumban 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto bayan ta ɗebi mai a gidajen mai na ƙasashen Afirka takwas. Ta sami man gas da salfarsa ta ninka iyakar Turai sau 378. Rahoton ya bayyana yadda 'yan kasuwar mai ke gauraya ragowar kayan matatu a tashoshin ruwa na Amsterdam da Rotterdam da Antwerp, su haɗa man da haramun ne a sayar a Turai, su yo mana lodinsa, har suna da sunan da suke kiransa a tsakaninsu, wai nau'in Afirka. Kamfanonin suka amsa cewa ba su karya dokar kowa ba, gwamnatocinmu ne suka yarda da wannan ma'auni. Gaskiya suka faɗa, kuma nan ne abin kunyar yake. Ɗanyen man Najeriya, irin Bonny Light, yana cikin masu ƙarancin salfa a duniya, shi ya sa matatun waje ke rububinsa. Mun sayar da mai kyau, mun sayo datti. Wani bincike da ƙungiyar SDN ta yi a yankin Neja Delta a 2020 ya ma gano cewa man gas ɗin da aka shigo da shi bisa ƙa'ida ya fi wanda ake dafawa a matatun sata na cikin daji yawan salfa.

To amma ɗaya ɓangaren ba wawaye ba ne, kuma duk wanda ya raina hujjarsu bai san halin da ake ciki ba.

Hujjarsu ta farko farashi ne. Man gas shi ne jinin kasuwancin Arewa. Shi ke ɗauko tumatir daga Kadawa zuwa Legas, shi ke juya injin niƙa, shi ke riƙe da injin gidan burodi da na gidan ruwan leda da na ɗakin tiyata in an ɗauke wuta. Lita ta haura naira dubu, kuma tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 magidanci bai sake numfasawa ba. Suna cewa duk naira ɗaya da aka ƙara a kan lita za ta fito ne a kwanon masara. Yunwa tana kashe yaro a wannan watan, salfa kuwa sai bayan shekaru, in ma ta kashe. Mutumin da bai ci na rana ba, ta yaya za ka zauna da shi kana lissafin ppm?

Ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. Suna cewa mun aro matsalar Turawa mun yafa. A Landan kwal ne ya turnuƙe gari. Mu a nan abin da ke cika mana huhu ƙurar hunturu ce da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, da hayaƙin itace da gawayi a madafa, da bolar da ake cinna wa wuta a bakin unguwa, da tayar da ake ƙonawa a mayanka don babbaka. Matar da ke tsugune gaban murhu a ɗakin girki marar taga, da goyo a bayanta, tana shaƙar hayaƙin da ya fi na kowane titi. In akwai kuɗin da za a kashe don ceton huhu, a saya mata tukunyar gas. Wannan magana gaskiya ce, ban ga ta inda za a musa ta ba. Hayaƙin girki ya fi iskar salfa kashe mutane a ƙasashenmu, nesa ba kusa ba.

Ta uku ta shafi matatun gida. Cire salfa daga mai yana buƙatar sashe na musamman da ke aiki da haidurojin, mai tsadar ginawa da tsadar kula. Tsohuwar matata irin ta Kaduna, da aka buɗe a 1980, ko ƙarama irin SORAZ ta Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana tun 2011, ko ƙananan matatun da 'yan kasuwa ke kafawa a kudu, ba a gina su da ma'aunin Turai a zuciya ba. In aka ce dole salfar ta sauka zuwa ppm 50 gobe da safe, ƙanana za su rufe, a bar kasuwa ga babba ɗaya ko ga masu shigowa da mai daga waje, sai dokar da aka yi don lafiya ta koma sandar korar abokin gasa. Kuma Turai da ke mana wa'azi yau, ai da hayaƙin kwal ta gina arzikinta, sai da ta ƙoshi ta tuna da huhu.

Akwai ma masu ƙarawa da wata hujja ta kimiyya, cewa salfa tana sanyaya duniya. Da dutsen Pinatubo ya yi aman wuta a ƙasar Filifin a 1991, ya watsa miliyoyin tan na iskar salfa can sama, zafin duniya ya sauka da kusan rabin digiri na shekara ɗaya zuwa biyu, saboda ƙwayoyin salfet suna mayar da hasken rana. Tun da aka rage salfar man jiragen ruwa daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari a farkon 2020, masana na ta muhawara kan ko hakan ya ƙara wa tekuna zafi.

Bari in fara da wannan ta ƙarshe, don mu 'yan Sahel bai kamata a kawo mana ita ba. Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da shanu suka zube, rijiyoyi suka ƙafe, ƙauyuka suka watse daga Damargu har Daura. An daɗe ana ɗora laifin a kan makiyayi da mai saran itace, ana cewa su suka jawo hamada. Daga baya binciken masana yanayi ya nuna cewa sauyin zafin tekuna ne ya fi taka rawa, kuma daga cikin abin da ya jawo shi akwai hayaƙin salfa na masana'antun Turai da Amurka, wanda ya sanyaya arewacin duniya, ya tura damina kudu. Ba shi kaɗai ne sanadi ba, masana ma ba su ce haka ba. Amma ya isa ya nuna mana cewa sanyin da salfa ke kawowa akwai mai biyan kuɗinsa, kuma mun taɓa biya da garkunanmu da rumbunanmu. Can inda hayaƙin ke fita kuma ruwan sama mai asid ya kashe kifi a tafkunan Suwidin da Norwe, ya lalata dazuzzuka a tsakiyar Turai, har ƙasashen suka ƙulla yarjejeniyar rage salfa a Helsinki a 1985.

Batun farashi kuwa, tambayar da ba a cika yi ba ita ce, wa ya ci arahar? A duk shekarun da ake kawo mana mai mai 3,000, ban san direban tirelar da aka taɓa yi wa ragi a gidan mai don man da aka zuba masa ƙazami ne ba. Ratar da ke tsakanin mai tsabta da marar tsabta tana tsayawa ne a aljihun mai gaurayawa da mai shigowa da shi. Ratar ma ba ta kai yadda ake kururutawa ba, don lissafin da aka yi a lokacin rahoton 2016 ya nuna ba ta kai santi biyu na dalar Amurka a kowace lita ba, abin da faɗuwar naira ta mako guda kan shafe. Kenya da Tanzaniya da Yuganda da Ruwanda da Burundi sun koma 50 tun watan Janairun 2015, Ghana ta bi sahu a 2017, kuma babu wadda tattalin arzikinta ya durƙushe saboda haka. Ba ƙasashen da suka fi mu kuɗi ba ne.

Sannan araha ba ta ado, kuma bakanike ya fi kowa sanin haka. Salfar da ta ƙone a cikin inji tana haɗuwa da tururi ta zama asid, ta gangara cikin baƙin mai, ta riƙa cin ƙarfe a hankali. Shi ya sa mai mota ke yawan yin juye, nozul na toshewa, injin da ya kamata ya yi shekara goma ya fara hayaƙi tun bai je ko'ina ba. Ka leƙa kowane gareji ka ga abin da ake yi wa mota 'yar Beljiyam. Tana zuwa da matacin hayaƙi a cikin salansa, wanda makanikai ke kira indomi. Ba ta daɗewa a kan manmu matacin yake toshewa, mota ta daina ja, sai yaron gareji ya kwanta a ƙarƙashinta ya kwance salansa, ya sa ƙarfe ya farfasa abin, ya zazzage shi a ƙasa, ya mayar da fanko. Mai mota ya ji ta dawo da ƙarfinta ya yi godiya, daga ranar kuma duk abin da injin ya ƙona kai tsaye yake fita zuwa fuskar mai tallan da ke tsaye a danja. A nan ne nake ganin masu cewa salfa ƙaramar matsala ce suka yi kuskure. Ita kanta ba ita ce babbar mai kisa ba, amma muddin tana cikin mai da yawa, babu matacin hayaƙin zamani da zai yi aiki, ko na ƙaramar mota ko na babba. Sai an cire ta sannan sauran gyare-gyaren suke yiwuwa.

Hujjar ƙura da murhu na karɓe ta, amma ba ta kai inda ake son kai ta ba. Ba mu da ikon hana iskar hunturu tasowa daga Bodele. Raba miliyoyin gidaje da itace aikin shekaru ne, gida-gida, kuma dole a yi shi. Mai kuwa ta ƙofofi ƙalilan yake shigowa ƙasa, 'yan tashoshin ruwa da 'yan matatu, ana iya tsare su da ma'aikata kaɗan. Kuɗin wannan ba daga asusun tukunyar gas zai fito ba. Huhun da ƙura da hayaƙin itace suka riga suka gajiyar kuma shi ne wanda ƙarin yaji zai fi kayarwa.

Inda na fi ba ɗaya ɓangaren gaskiya shi ne batun matatu. A ba su wa'adi, na yarda. An ma ba su. A watan Disamban 2016 aka taru a Abuja, lokacin Amina Mohammed tana ministar muhalli, Najeriya da Benin da Togo da Ghana da Kodebuwa suka yi alkawarin komawa 50. Najeriya ta yi ta ɗage ranar. A watan Fabrairun 2020 ministocin ECOWAS suka sake zama a Wagadugu, suka ce man da ake shigowa da shi ya koma 50 daga Janairun 2021, matatun gida kuma aka ɗaga musu ƙafa zuwa 2025. Wa'adi mai rana abu ne mai kyau, amma wanda ake sabuntawa duk lokacin da ya cika ya zama izini. Abin takaici, matakin da ya fi tasiri daga waje ya zo, lokacin da Holan ta hana fitar da irin wannan mai daga tashoshinta a 2023, Beljiyam ta bi ta a 2024. Mai gauraya da aka kora daga Rotterdam kuwa zai iya komawa wata tashar da ba ta da wannan doka.

Don haka a ganina gardamar adadin da za a tsaya a kai ba ita ce gaba ba yanzu. Doka tana nan a takarda. Abin da babu shi ne awo wanda jama'a za su gani da idonsu. Na'urar auna salfa a cikin mai tana ba da sakamako cikin 'yan mintuna, kuma sashen kimiyyar sinadarai na jami'o'i irin Bayero da Ahmadu Bello da ta Abdou Moumouni a Yamai ba za su kasa wannan aiki ba in an ba su kayan. A riƙa ɗibar mai a daffo da gidajen mai ba tare da sanarwa ba, har da na 'yan bumburutu, tunda man da ke cikin jarka a Jibiya shi ne gobe ake sayarwa a kwalba a Maraɗi. A buga sakamakon duk wata da sunan kowane kamfani, na gida da na waje, babba da ƙarami. Hakan zai kare mai saye, ya kuma kare ƙaramar matata daga ƙazafi.

Wannan muhawara za ta sake dawo mana ta ƙofar kwal, kuma gara mu shirya tun yanzu. Kwal ɗin Maiganga a jihar Gombe yana ciyar da kamfanin siminti na Ashaka, tashar SONICHAR da ke kusa da Agadas ta shafe fiye da shekara arba'in tana ba yankin wuta da kwal, kuma duk lokacin da lantarki ya yi ƙaranci sai a ji masu cewa a gina sababbin tashoshi. Ba zan ce wa garin da ke kwana a duhu kada ya taɓa arzikin da ke ƙarƙashin ƙasarsa ba. Akwai fasahar wanke hayaƙi da farar ƙasa, tana kama fiye da kashi 90 cikin ɗari na salfar, abin da ya rage kuma jifsam ne, wanda kamfanonin siminti ke saye. Sai dai a gina ta tare da tashar, a rana ɗaya, kada a yarda da alkawarin za a ƙara daga baya. Afirka ta Kudu ta karɓi bashin Bankin Duniya a 2010 don gina tashar Medupi bisa sharaɗin za ta sa wannan na'ura, tashar ta fara ba da wuta a 2015, aka yi ta ɗage ranar sa na'urar har shekara goma ta wuce, mutanen garin Lephalale da ke kusa suna shaƙar hayaƙin.